Haladu da Saƙar Italiya

Wani mutum ne a Jos, Haladu, amma in ba ka ce Haladu Ɗan Italiya ba babu wanda zai nuna maka gidansa. Italiyar nan kuwa, wallahi ko a mafarki bai taka ta ba. Iyakarsa Kaduna. Shekara biyu ya yi yana guga a wani shagon wankin kwat, ya dawo mana da tafiyar ƙasaita da taɓe baki. In ka sa sabuwar riga, sai ya kama gefenta da yatsu biyu, ya murza, ya ce, "Leda ce." Ko shaddar dubu nawa ce, leda ce. Wai yatsunsa sun fi ma'auni, ko ido rufe aka ba shi yadi zai faɗi ƙasar da aka saƙa shi da abin da tunkiyar ta ci.

Ni shagona na gyaran agogo yana jikin na Alhaji Shitu mai kwat, saboda haka abin da zan ba ku ba ji na yi ba.

Lokacin an shiga yayin nektai na saƙa, irin siririn nan mai yankakken baki, wanda samarin banki da lauyoyi ke rububi. Alhaji Shitu ya ga kasuwa. Ya ce yana neman mutum ɗaya mai ido, wanda zai riƙa turawa Legas a jirgi yana zaɓo masa kaya, ga albashi, ga kuɗin otal. Mutum biyu suka nuna sha'awa. Ɗaya Malam Mamuda, shekararsa goma sha biyar yana kwance dilar gwanjo, mutum ne da sai ka yi magana goma ya amsa ɗaya. Ɗayan kuwa kun san shi.

Tun kafin a yi gwaji Haladu ya gama sallama da unguwa. Ya ajiye aikinsa na rubuta rasit a tashar mota. Ya ari akwati. Har mai shayi ya ce wa, "Me zan taho maka da shi?"

Na ce, "Haladu, a bari ya huce mana."

Ya ce, "Kai dai gyara agogonka. Wannan harkar manya ce."

To, ranar gwaji, ga abin da ya faru kafin su iso, ku riƙe shi da kyau. Mahaifin Alhaji, Baba Tanimu, tsohon ma'aikacin kuza, kullum a shagon yake wuni. Ran nan mai wanki ya kawo masa wandonsa, irin mai faɗin nan na dattawa. Ya shiga sito, ya zare mazagin wandon da ke jikinsa, saƙaƙƙe da jan ulu, faɗinsa ya kai yatsu uku. Ya maƙala masa fil zai zura a wankakken, ido ya ƙi. Sai ya miƙo hannu ta labule ya ajiye su kan tebur, ya ce, "Shitu, zura mini." Alhaji yana kan waya. Ya ɗauki wandon ya rataye a kujera, ya juye jakar nektai a kan tebur, rijif, suka binne mazagin. Tsoho ya zauna a ciki yana jira, gyangyaɗi ya ɗauke shi.

Sai ga Haladu, ƙwas ƙwas ƙwas, kwat ruwan toka, baƙin gilashi, turare kamar an fasa kwalba. Malam Mamuda na biye da silifas.

Alhaji ya ce, "Ga su nan, sun kai ashirin. Kowa ya zaɓo mini wanda ya fi nagarta, ya gaya mini dalili."

Malam Mamuda ya yi bisimilla. Ya ɗauki ɗaya, ya damƙe a tafin hannu, ya kai kunne. Ya ja, ya saki, ya ga ko zai koma yadda yake. Ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa. Ya ajiye. A na shida ya tsaya, wani shuɗi mai duhu.

Ya ce, "Wannan, Alhaji. Siliki ne. In ka matse shi yana ƙaras ƙaras. Saƙar ta cika, ba ta saki. Waɗancan masu walƙiyar roba ce, wata uku za su yi gashi. Na ulun nan biyu ba laifi, amma sai lokacin sanyi."

Shi ke nan maganarsa.

Haladu ya kwashe da dariya, har da dukan cinya. "Ƙaras ƙaras! Ranka ya daɗe, nektai za mu saya ko ƙuli-ƙuli? Malam Mamuda, matsa, ka ga yadda ake yi a waje."

Ya zare gilashi. Ya naɗe hannun riga. Ya rufe ido, wai kada kala ta ruɗe shi, ya cusa yatsu cikin tarin. "Leda. Leda. Wannan ma leda. Wannan ko akuya ba na ɗaure wa." Yana yi yana watsarwa, har shuɗin Malam Mamuda ya yi jifa da shi. Can ƙasa sai ya tsaya cak. Ya ja numfashi.

"Allahu akbar! Alhaji, ina ka samo wannan?"

Ya zaro shi, zururu, zururu, abu ya ƙi ƙarewa.

Na dubi Alhaji. Alhaji ya dubi abin, ya dubi wandon da ke kan kujera, ya dubi labule. Na ga gemunsa yana rawa. Sai ya gyara murya ya ce, "Ina jinka, Malam Haladu. Amma kamar ya yi tsawo, ko?"

"Ai nan ake gane na asali. Turawan Italiya dogaye ne. Gajerun nan duk na kasuwar bayan fage ne."

"To wannan yamutsewar ta wajen bakinsa fa?"

"Gurbin ƙulli ne. Tun daga kamfani ake horar da shi, don kada ya wahalar da mai shi."

Malam Mamuda ya buɗe baki, "Alhaji, ai wannan..." Alhaji ya taka masa ƙafa.

"Ga fil kuma a jiki," in ji Alhaji.

"Ka ga ni, ka ga ilimi! Da shi ake kama shi a jikin riga, kada iska ta ɗaga. A birnin Milan na Italiya in nektai ba shi da wannan, ko kallonsa ba a yi."

Jama'a, baki shi ke yanka wuya. Da ya tsaya nan, da da sauƙi. Ina! Mutane sun fara leƙowa, mai gyaran takalmi, masu shagon atamfa, har wata lauya da ta zo sayen kwat, shi kuwa in ya ga taro sai kansa ya ƙara girma. Ya ɗaga abin ya kai hanci. Ya shaƙa, fuuu, har idonsa ya lumshe. Ya sake shaƙa.

"Kun ji? Wannan ƙamshin tumakin kan dutse ne. Ba sa cin komai sai ganyen zaitun. Hancin da bai fita waje ba ba zai gane ba."

Ya goga shi a kumatu. Ya ɗan taɓa shi da harshe, wai ulun gaske yana da gishiri-gishiri. Ni dai a nan na kama bakin ƙofa, kada dariya ta kayar da ni.

Sannan ya ɗaga kwala, ya zagaya shi a wuya, sau ɗaya, sau biyu saboda tsawo, ya ƙulle tamau. Ragowar tana reto har gwiwa. Ya tsaya gaban madubi yana juyi.

"Alhaji, in na je Legas, irin wannan zan cika maka shago da shi. Dozin hamsin."

Daidai nan aka kira azahar. Labule ya motsa. Sai ga Baba Tanimu, hannu ɗaya ya tattare ƙugun wando, ɗayan riƙe da buta, yana tafe yana jan ƙafa.

"Shitu! Wai sai na rasa jam'i? Ina mazagina?"

Tsoho ya bi tebur da kallo, babu. Ya ɗago kai. Ya matso kusa da Haladu, ya ƙanƙance ido, tun daga gwiwa har wuya.

"Ikon Allah. Ɗan nan, me wuyanka ya yi maka?"

Haladu ya dubi abin da ke wuyansa. Amma kun san mai cika baki, ko ya faɗi sai ya ce da ma sauka zai yi. Ya ce, "Baba, ai... ai wataƙila tsaraba aka kawo maka daga Italiya, ba ka sani ba."

"Italiya? Ƙanwata Kande ce ta saƙa mini a Unguwar Rogo, da ragowar ulun hular jikanta. Ina zaune ta gama."

Wayyo! Lauyar nan ta zauna kan dilar kaya tana share hawaye. Mai gyaran takalmi ya fita da gudu kiran mutane. Malam Mamuda, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba, ran nan na ƙirga su. Alhaji ya ɗauko shuɗin nan daga ƙasa, ya kaɗe, ya miƙa wa Malam Mamuda ya ce, "Malam, ka shirya, ranar Litinin za ka tashi."

Haladu kuwa ya kama kwance ƙulli, ƙulli ya ce bai san zance ba. Gumi ya jiƙa ulu, ya cije. Yana ja yana shaƙe kansa, tsoho na tsaye a gabansa riƙe da wando yana cewa, "A hankali, kada ka tsinka mini." Da ƙyar Alhaji ya sa haƙori ya kwance.

Har Haladu ya kai bakin ƙofa, gilashi a hannu, sai Alhaji ya kasa haƙuri. Ya ce, "Baba, ya fa yaba ƙamshinsa. Wai na tumakin kan dutse ne. Har lasa ya yi."

Tsoho ya dubi mazagin, ya dubi Haladu, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Ayya, ɗan nan. Ai ni kullum zare shi nake yi kafin in ba da wanki, kada ulun ya tsuke. Shekararsa bakwai a ƙuguna, ruwa bai taɓa shi ba."