Kafin Alƙalamin Alhajin Kaduna

Wani mutum ne a Funtuwa ana ce masa Haladu Ba-Ƙwara. Shi ya raɗa wa kansa sunan, babu wanda ya ba shi. A faɗarsa, tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa ƙwararsa a ciniki ba. In ka sayi takalmi ka nuna masa, sai ya tambayi kuɗin, ya kama baki ya ce, "Kash! Da ka neme ni." In ka sayar da akuya ka yi asara, in ka saya an cuce ka. Dillalai kuwa ko inuwarsu ba ya son gani.

"Ni in ba wani ƙato la'ada don ya tsaya yana kaɗa makulli? Bakina ciwo yake yi?"

To Haladu yana da wata mota ruwan toka da yake kira Gimbiya. Daga nesa ka hango ta sai ka yi sha'awa, don kullum a wanke take tana sheƙi. Amma cikin ya daɗe da ruɓewa. Mutum ɗaya ne ya san sirrinta, wato Bawale, taubashin Haladu, bakanike a Ɗandume. Can Haladu yake lallaɓawa ya kai ta gyara don kada bakaniken Funtuwa su yi da shi a gari. Ran nan Bawale ya ɗaga bonet, ya kasa kunne, ya mayar ya rufe.

"Kai bawana," in ji shi, don haka suke kiran juna tun suna yara, "injin nan in ya ƙara wata guda bai buga ba, ka yi sadaka. Ka rabu da ita tun tana tashi da kanta."

Haladu ya dawo gida a tsorace, amma baki bai mutu ba. Ya ɗora wa Gimbiya jarka a ka, alamar ta sayarwa ce, ya ajiye ta a ƙofar gida gindin dogon yaro, inda majalisarsu take zama bayan la'asar. Ya ce wa jama'a, "Miliyan biyu da dubu ɗari takwas. Kwana uku na ba ta. Ku zuba ido ku koyi ciniki kyauta."

Kwana uku suka zama sati uku. Masu zuwa dai suna zuwa. Wani ya zagaya ta, ya harbi taya da ƙafa, ya ce zai kira, har yau shiru. Wani ya ce a bar shi ya gwada ta zuwa Zariya ya dawo, ashe biki zai je. Wani ya rantse da girman Allah tasa ce, a ajiye masa zuwa ƙarshen wata, amma da aka ce ya ajiye kafin alƙalami sai ya tuna ya bar tukunya a wuta. Haladu ya bi shi da harara ya ce, "Ba na ajiye mota da yawun baki."

Mai saye na gaskiya guda ɗaya ne tak. Malam Zubairu, tsohon hedimasta da ya yi ritaya aka biya shi kuɗin sallama, yana neman abin da zai riƙa kai iyali asibiti da ƙauye. Mutumin kirki ne, sai dai kafin ya yanke shawara gemu ya fito wa jariri. Zuwan farko ya zauna a ciki ya murɗa sitiyari, ya ce bari ya yi tunani. Na biyu ya zo da tabarau ya karanta takardun mota layi-layi kamar yana duba jarabawa. Na uku ya ce sai ya ji ta bakin ɗansa da ke Legas. Na huɗu ya taya miliyan biyu da rabi, Haladu ya ce albarka. Na biyar ya ce zai yi istihara.

"Malam, ko dubu hamsin ka ajiye mana, in san da kai nake."

"A'a Malam Haladu, ai ba na son in ajiye kuma in zo ina jin kunyar karɓa. A dai yi haƙuri zuwa Laraba."

Haladu ya yi murmushin yaƙe, zuciyarsa kamar ta fashe. Ga Gimbiya ta fara wani tari da safe, ƙwal-ƙwal-ƙwal, sai ya ga babu kowa a wurin yake tayar da ita. Kowace rana ta wuce, ji yake kamar ana ƙirga masa kwanakin injin a kunne.

Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da mai ita kaɗai take burgewa. Ya kira Bawale.

"Ran Laraba za ka zo. Babu wanda ya san fuskarka a nan. Kai Alhaji ne ɗan kwangila daga Kaduna. Ka taya motar a gaban tsohon nan, ka dire mini kafin alƙalami. Yana ganin za ta kuɓuce masa zai zabura."

"Da wane kuɗin, bawana?"

"Zan ba ka dubu ɗari biyu, kuɗin takin gonata. Ka riƙe su da kyau, ƙirgaggu ne."

"Ladana fa?"

"Dubu biyar."

"Goma."

"Uku ke nan, tunda ka yi gardama. Ka ga yadda ake ciniki?"

Bawale ya ce to kawai. Da Haladu yana da hankali, da wannan "to" ɗin ta tsorata shi.

Ran Laraba da azahar Bawale ya shigo ta ƙofar baya. Aka wanke masa baƙin man da ke farcensa da omo har sau uku. Haladu ya ciro babbar rigarsa ta shadda mai aiki har ciki, wadda shi kansa bai taɓa sa ta ba, yana jiran Sallah. Ya kafa masa hula, ya fesa masa turare, ya cusa masa damin kuɗi a aljihu, ya ce ya zagaya ta bakin titi ya jira.

Bayan la'asar majalisa ta cika. Ga Ilu mai goro da tirensa, ga sauran 'yan zaman gulma. Malam Zubairu ya iso da 'yar jakarsa a hammata, ya yi sallama, ya gyara murya zai yi magana ke nan, sai ga Bawale ya kunno kai yana taku ɗai-ɗai, yana saɓa riga, waya a kunne.

"Ku gaya wa injiniyan in bai gama gadar nan ba zan kore shi!" Ya kashe waya. "Salamu alaikum. Wa ke da wannan 'yar motar?"

Haladu ya miƙe har yana tuntuɓe. "Ranka ya daɗe, tawa ce."

"Nawa?"

"Biyu da ɗari takwas."

"Shi ke nan? Na saya wa direban uwargida, ya riƙa zuwa cefane." Ya zaro kuɗin ya dire a tafin Haladu, tim. "Dubu ɗari biyu kafin alƙalami. Gobe yarona zai kawo ciko."

Ilu mai goro ya saki baki. Haladu ya ɗaga kuɗin sama yadda kowa zai gani, ya ce, "Na karɓa, Alhaji, Allah ya sa albarka." Sannan ya juya ga Malam Zubairu, ya langaɓe kai, ya rage murya yadda duk da haka kowa zai ji.

"Ka gani ko, Malam? Abin da nake gudar maka ke nan. Amma kai namu ne. In ka ɗora ko dubu hamsin a kai, yanzu in mayar wa Alhaji kuɗinsa in ba ka makulli."

Malam Zubairu ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi.

"A'uzu billahi! In yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwana? Ai an hana mu, Malam Haladu. Ka karɓi kuɗinsa, ka sa albarka a gaban shaidu. Mota ta zama ta Alhaji." Ya shafa jakarsa ya yi ajiyar zuciya. "Allah bai nufa ba. Ni da na zo yau da niyyar biya. Istihara ta yi kyau, yaron ma ya ce in saya. Biyu da ɗari takwas ɗin da ka faɗa, ga su nan, ban rage ko sisi ba."

Ya ɗan zuge jakar. Haladu ya leƙa. Daurin banki ne sababbi fil, a jere.

Gumi ya karyo wa Haladu tun daga ƙeya. Ya dubi Bawale ya ƙyafta ido. Bawale yana kallon sama yana sakace. Ya sake ƙyaftawa, ya yi tari, ya taka masa ƙafa.

"Alhaji," in ji Haladu da wata siririyar murya, "ko dai za ka sake tunani? Kamar ba ta dace da girmanka ba."

"Ta dace."

"Alhaji, ka duba dai da kyau!"

Sai da Bawale ya ga idon taubashinsa ya kawo ruwa sannan ya ce, "To, na fasa."

"Alhamdu lillahi! Malam, ka ji ya fasa. Kawo..."

"Tsaya tukuna," in ji Malam Zubairu. "A fara mayar masa da kuɗinsa, kada hakki ya rataya."

Haladu ya miƙa masa kuɗin. Bawale ya lashi yatsa ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ba ya ko sauri, ya zura a aljihu ya daddanna. Haladu ya miƙa hannu wajen jaka. Amma mutumin da ya yi zuwa biyar bai saya ba, ai ba zai ga an fasa a gabansa ya ƙi tambaya ba.

"Alhaji, don Allah ba don ni ba. Yanzu ka ce ka saya, yanzu ka ce ka fasa. Me ka gani?"

To nan fa. Wannan tambayar ba ta cikin abin da aka koya wa Bawale. Dole ya kawo dalili, kuma dalilan da ya sani duk na gaskiya ne.

"Ba komai, Malam. Kawai dai tana shan baƙin mai, galan guda duk sati."

"Subhanallahi!"

"Giya ta biyu kuma tana fita da kanta in an hau gangara. Lagireto sabulu aka liƙa masa. Ƙofar baya ta hagu in ka buɗe ta da ƙarfi za ta biyo ka. Birki sai ka taka sau uku, na ukun ma da addu'a."

"Alhaji!" in ji Haladu. "Ya isa haka!"

"Injin kuwa," Bawale ya ci gaba, "ban ba shi kwana goma ba."

Ilu mai goro ya ce, "Ikon Allah! Duk daga kallo ɗaya? Ko bonet bai buɗe ba!"

"Harkar ce ta daɗe a hannu," in ji Bawale, yana gyara hula.

Malam Zubairu ya zuge jakarsa ya rungume ta a ƙirji. Ya kama hannun Bawale da hannu biyu. "Alhaji, Allah ne ya turo ka. Gumin shekara talatin da biyar ne a jakar nan. Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifa."

"Amin, Malam, amin."

"Don Allah in roƙi alfarma. Akwai wata motar a bayan tasha da aka yi mini maganarta. Tunda Allah ya ba ka ido, mu je ka duba mini."

"Mu je mana," in ji Bawale. Ya bubbuga aljihun da kuɗin suke. "In ta yi mini ma, sai in ajiye musu kafin alƙalami, tunda ga shi a kusa."

Malam Zubairu ya ɗaga hannu, wani mai Keke Napep ya tsaya. Bawale ya tattare shadda ya shige, ya harɗe, ya ɗago wa Haladu hannu irin na manya. "Sai wani jiƙon, mai mota. Allah ya kawo kasuwa."

Haladu yana tsaye yana kallo. Ga mai saye ya tafi, ga kuɗin taki sun tafi, ga rigar Sallah tana jan ƙasa a bakin Keke. Mai Keke ya murɗa, fat-fat-fat. Nan fa Ba-Ƙwara ya manta da majalisa, ya manta da suna, ya zabura da gudu takalmi ɗaya ya cire, ya cafke ƙarfen Keke ya turje.

"Bawale, sauko! Wallahi sauko! Wane Alhaji? Bakanike ne, a Ɗandume yake! Jama'a ku taya ni, kuɗina ne! Dubu ɗari biyun nawa ne, na taki! Rigar ma tawa ce! Har hular!"

Goro ya sarƙe Ilu. Wani ya faɗo daga benci. Masu wucewa suka tsaya, mata suka leƙo ta katanga.

Malam Zubairu bai yi dariya ba. Ya sauko daga Keke a natse, ya ciro tabarau ya sa, ya dubi Bawale, ya dubi Haladu, ya dubi Gimbiya da jarkarta a ka.

"Bari in fahimta, Malam Haladu. Kuɗin da aka ajiye naka ne?"

"Nawa ne, Malam."

"Rigar mai sayen taka ce?"

"Tawa ce."

"Kuma kai ka karɓa ka sa albarka, muna shaida?"

Haladu ya sunkuyar da kai.

Tsohon ya taka a hankali ya sauke jarkar daga kan motar, ya ajiye ta a ƙasa, ya dawo ya miƙa wa Haladu hannu.

"To ashe kai ka saya. Allah ya sanya alheri, Malam Haladu. Sai dai ka ji abin da bakanike ya faɗa, wallahi an ƙware ka."