Rasuwar Hajiya Haƙuri, Wadda Baƙi Goma Sha Biyu Suka Tare wa Ƙofa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har tana tumbatsa, ni Muntaka Saleh na unguwar Nuzla a Jidda, a madadin kawuna Ubale da sauran mutanen gidanmu, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarmu, Hajiya Haƙuri, wadda ta cika ranar Talata, sha biyu ga Rajab 1432, jim kaɗan bayan la'asar. Kowane mai rai mamaci ne, ashe har da mai shan wutar lantarki.

Marigayiya ta shigo gidanmu shekara bakwai da suka wuce, bayan wani ofis a unguwar Safa ya sallame ta ba laifin tsaye ba na zaune. Ta zauna a Jidda babu iƙama, wato takardar izinin zama, babu kafilin da zai tsaya mata, kuma ba a taɓa tare ta a hanya ba, don ba ta yawo. Idan aka tashe ta da safe sai ta ce "tiit", ta yi shiru na tsawon shan shayi kofi biyu, sannan ta buɗe ido. Idan aiki ya yi mata yawa ba ta ƙorafi, sai dai fankarta ta ce "fuuu". Na karanta littattafai da yawa a kan haƙuri, na Larabawa da namu, ban ga wanda ya kai ta ba.

Ita ce ta riƙe mini amanar da ban iya ba ɗan Adam ba: wasiƙata zuwa ga Mastura, 'yar maƙwabtanmu. Wata goma sha ɗaya ina rubuta ta, kwafi arba'in da uku, duk babu layin ƙarshe. Kalma ɗaya nake nema, wadda ta fi "so" nauyi amma ba za ta sa a kira mini mai ruƙiyya ba.

A wajen neman kalmar nan ciwon ajali ya shigo. Marigayiya tana da ƙofa guda a saman fuskarta, inda mutum ke rubuta tambaya, injin bincike ya kai shi ga amsa. Na karanta a jaridu cewa manyan kamfanoni na zuba maƙudan kuɗi don a zaunar da injinsu a bakin wannan ƙofa, saboda sun san ɗan Adam: wanda ya tarar a zaure, shi yake tambaya. Har hukumomi a ƙasashen Turai sun fara binciken ko babba na danne ƙanana. Ƙananan da aka hana babban zaure kuwa, sai suka biyo ta tagar gidanmu.

Nan kawu Ubale ya shigo labari. Kawu ya zo umara a 1983, kuma har yau yana shirin ɗawafin bankwana. Kullum da hantsi yakan zauna gaban marigayiya don sauraren labaran gida. Duk sanda wani akwati ya faɗo yana neman izinin zama injin bincikenmu, sai Kawu ya danna "na'am". Ya ce a ƙasar alhazai ba a korar wanda ya yi sallama. Na zaunar da shi, na yi masa bayani cewa waɗannan ba baƙi ba ne, biya suka yi a ɗora su a gaba don su ja mutum shagon da suke so. Kawu ya yi murmushi. Ya ce ai sana'arsa ke nan tun kafin a haife ni: alhaji ya tambaye shi hanyar kasuwar darduma, ya kai shi shagon da ke ba shi na shayi. Abokan sana'a ne ashe, kuma ba zai toshe wa wani hanyar abinci ba, halas, magana ta ƙare.

Haka baƙi suka yi ta jeruwa, layi a kan layi, kowa da ƙofarsa, kowa yana cewa shi ne mai gida. In kore su da yamma, Kawu ya yi musu maraba da safe. Na tambayi ɗaya ma'anar bege, ya nuna mini farashin tayar mota. Na tambayi wani yadda tsofaffin mawaƙa suke rufe wasiƙar ƙauna, ya kawo mini man fitar da gashi, saya biyu a ba ka ɗaya. Fuskar marigayiya ta tsuke, har wurin karatu ya koma faɗin yatsa biyu. Wayyo Hajiya! Ta ɗauki goma sha ɗaya ba ta ce uffan ba. Ranar Talata bayan la'asar na goma sha biyu ya yi sallama, Kawu ya amsa. Ta ce "ƙirrr", ta ce "tak", fuskarta ta yi shuɗi, sannan ta yi baƙi.

Mun garzaya da ita unguwar Sharafiyya a bayan wata tsohuwar motar kaya, wurin Abdulghani mai gyara, wanda kuma shi ne yayan Mastura. Ya sa kunne a cikinta, ya girgiza kai, ya ce mu yi sabur, wato haƙuri, amma ya ceto abin da ke ma'ajiyarta. Abdulghani haifaffen Jidda ne. Yana jin Hausa, amma in ya ga rubutun boko sai ya riƙa kallonsa kamar takardar likita. Da ya ga takardu arba'in da uku masu kai iri ɗaya, sai ya ɗauka na neman iƙamar Kawu ne. Don ya kyauta mana, ya buga su duka, ya kai wa ƙanwarsa ta karanta masa.

Jiya ya kawo mini saƙo, yana kallona sama da ƙasa. Wai Mastura ta ce kwafi na sha bakwai ya fi sauran, na talatin akwai ƙarya a ciki, kuma duka babu ƙarshe. Wai in kawo ƙarshen da bakina.

Marigayiya ta bar linzamin kwamfuta ɗaya mai ɗingishi, da lasifika biyu, ɗaya kurma, da allon madannai wanda harafin "M" ya goge. Ta bar Kawu, wanda har yanzu ke tambayar inda baƙin za su koma. Ta bar ni, ba kalma, ba wurin tambaya.

Za a ɗauki gawa gobe bayan la'asar daga ƙofar gidanmu zuwa kasuwar gwanjo, inda masu awon ƙarfe za su karɓe ta. Zaman makoki kwana uku ne, daga la'asar zuwa magariba, akwai gahawa da dabino. Kawu ne zai tsaya a ƙofa, saboda haka duk wanda ya yi sallama zai shiga. Ranar sadakar uku Mastura za ta zo gaisuwa tare da mahaifiyarta. An keɓe mata kujerar bakin ƙofa. Ba ta biya ko riyal ɗaya ba, kuma ba za a ba kowa damar takara ba. Hukumomin Turai in suna so su bincika. Ana roƙon jama'a su rage surutu a lokacin, domin mai makoki zai yi magana, kuma har yanzu bai san me zai ce ba.