Ƙarfen murhu a gidan bikin Zaitawa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, ko da zan manta abin da na ci jiya (kuma na manta ɗin). Binta 'yata ce take rubutawa, ni ban yi boko ba, sa hannuna dangwale ne. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, in na tsaya ina kuka ta jira ni. Shekara uku ke nan da rasuwar Saje. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Saje shi ne maigidana. Sunan da unguwa ta sa masa ke nan saboda muƙaminsa na soja, ni kuma aka dinga ce min Matar Saje. A soja aikinsa biyu ne, kowanne ya isa ya hana mace ƙiba: yana kwance bam, kuma yana nutso. Lokacin yaƙin basasa in an dasa abu a ƙarƙashin gada, shi ake ɗaura wa igiya ya shiga ruwa ya lalubo. Bayan an gama yaƙin ma shekaru ya yi a Kudu yana tono abin da aka binne a gonakin mutane. Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki ya ajiye kaki, ya dawo gidan gado a Soron Ɗinki da akwatin ƙarfe ɗaya da takardar yabo.

To a cikin birnin Kano wa yake neman mai kwance bam? Wa yake neman mai nutso a garin da ruwansa rijiya ce da kududdufi? Duk inda ya kai takardarsa sai a jinjina kai a ce akwai gadi. Ana nan sai ga wasiƙa daga wani abokinsa a Fatakwal, wai ana neman masu nutso a teku. Ya ce zai bi jirgin ƙasa na ranar Asabar.

Ni da na yi shekara da shekaru gabana yana faɗuwa duk lokacin da baƙo ya yi sallama, yanzu mutum ya dawo da ƙafafunsa biyu zai koma cikin ruwa. Na yi kuka, na yi roƙo, har yaji na yi (gidanmu lungu biyu ne tsakani, kafin la'asar na dawo, don na bar wake a wuta). Abin da ya ce da ni kawai shi ne, "Ki samo min aiki a garin nan in zauna. Ba zan iya jira ki sayar da ƙuli ki ba ni na goro ba."

A nan sai na faɗi laifina. Tun da ya dawo, in yana ba wa maƙwabta labari a zaure nakan kasa kunne ta bayan bango. Ya faɗi abubuwa da yawa, amma ɗaya kawai ya zauna min: in ka ga ƙarfe dogo mai tsinin kai, kada ka taɓa. Da wannan ɗin na zama malama. Ba sunan da zan je ban yi wa mata wa'azin bam ba.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu ya tafi, ana bikin 'yar Hajiya Yalwa a Zaitawa. Mijinta Alhaji Ɗanladi tsofaffin ƙarafa yake sayarwa a Ƙofar Ruwa, manyan motoci suna kawo masa daga Kudu. Wanda ya ga zai yi amfani sai ya kawo gida, shi ya sa tsakar gidan ko'ina ƙarfe ne. Da hantsi na isa, na tarar an rabe kujeru. Sai na hango wani ƙarfe a gindin bango, shafaffe, zagayayye, kamar an kifa babban kwano, har da ɗan hannun ɗauka. Na ce wannan ai don ni aka yi shi. Na ja shi ƙiii har inuwa, na shimfiɗa masa guntun zanena, na zauna, na ja farantin shinkafa ina tsince tsakuwa.

Inna Kande ce take dafa abincin bikin, mace ce katuwa, bakinta kuma ya fi jikinta. Tana juya tukunya ta ce, "Matar Saje, an ce mutuminki zai koma wurin kifaye. Ke ce ba kya sa masa gishiri a miya, ko me?"

Mata suka sa dariya. Na gyara zama na ce, "Inna, ai garin naku ne bai san darajar mutum ba. Mutumin da in ya kalli ƙasa ya san abin da yake cikinta. Ni kaina da nake matarsa, in na ga bam daga nan zuwa Dala zan gane shi."

"To Allah ya ba mu albarkacinki," in ji ta. Ta sunkuya ta zare itace.

A nan na gan shi. Babbar tukunyar a kan ƙarfe uku take maimakon duwatsu. Biyu ban san ko mene ne ba. Na ukun dogo ne, baƙi ƙirin, kansa da tsini, wuta tana lasarsa.

Ban san lokacin da farantin ya bar hannuna ba. Na ƙwalla ƙara, "Bam! Bam ne a murhu, kowa ya fita."

Da wata ce ta faɗa da dariya za a yi. Amma Matar Saje ce, wadda ta gama cika baki yanzun nan. (Binta, daina dariya ki rubuta.) Mata sun fi ƙarfin ƙofa. Matan aure da ba a taɓa ganin fuskarsu da rana ba, ga su a lungu ba mayafi. Hajiya Yalwa ta fito ba ɗankwali, kitsonta rabi. Amarya ƙafafunta a naɗe da lalle, tana ɗingisawa kamar agwagwa. Inna Kande ta fito da muciya a hannu, ta kusa ture limamin unguwa a zaure. Ni kuwa na tsaya gaba, na baza hannuwa ina cewa a ja baya, kamar ni ce kwamanda. Wallahi a raina daɗi nake ji. Na ce yau Kano za ta san wa take shirin bari ya tafi.

Aka tura mai keke ya kira Saje. Ya zo da silifas da 'yar shara, ba ya sauri. Ya tambayi inda abin yake, ya cire silifas ɗin, ya shiga shi kaɗai. Mutane a lungun suka dinga salati. Ƙaurin shinkafa ya fara fitowa ta kan katanga.

Can sai ga shi, ya riƙo ƙarfen da tsumma. Ya ajiye a gaban Alhaji Ɗanladi ya ce, "Alhaji, wannan salansar babbar mota ce."

Alhaji ya duba ya ce, "Ai ni na yanke ta da hannuna."

Dariyar da aka yi har yanzu ina jin ta a kunnena. Hajiya Yalwa kuwa ba ta yi dariya ba. Ta zo dab da ni ta ce, "Kin kyauta. Kin fito da 'yata titi, kin ƙona min buhun shinkafa, dangin ango kuma suna hanya. Me na yi miki?" Na nemi inda zan sa fuskata na rasa. Na san kuma na gama da Saje. Mutumin da matarsa ta mai da shi abin dariya a gaban unguwa biyu, me zai hana shi hawa jirgi?

Mata sun fara turereniyar komawa sai ya tare ƙofar da jikinsa. Ya ce, "Kada kowa ya shiga tukuna." Bai ɗaga murya ba, amma kowa ya tsaya. Ya ɗaga tsumman da ya riƙo salansar da shi. "Wannan na wace ce?"

Guntun zanena ne. Duk matan sun san shi.

Na ce, "Nawa ne."

"Abin da na same shi a kai, wa ya kai shi inuwa?"

"Ni ce. A gindin bango yake, na jawo shi."

"Kin ja shi a ƙasa."

"Ai yana da hannu."

"Kin zauna a kai?"

"Tun hantsi."

Sai na ga ya rufe ido. Ya juya wurin Alhaji ya ce, "Wannan shi ne bam ɗin. Irin wanda ake binnewa a hanya ne don motar yaƙi. Sai ya ji nauyi mai yawa yake tashi. Amma ya tsufa, ya yi tsatsa, ba wanda ya san nauyin da zai ishe shi yanzu."

Inna Kande ce ta fara samun baki. Ta dafa ƙirji ta ce, "Allah ya so mu ramammiya ce ta hau. Ni ma fa na so in huta a kansa, na ga ta riga ni."

Ni kuwa na zauna a ƙasa. Daga nan zuwa Dala zan gane bam, in ji ni. Ashe rabin yini ina kansa ina tsintar shinkafa, ina koya wa mutane.

Abin da ya biyo baya kuwa, shi nake so jikokina su ji. Saje ya koma Sajensa. Ya sa aka fitar da mutanen gidajen da suke jikin wannan, ya aika bariki, ya ce a kawo masa daro da yashi. Da sojoji suka zo da mota, lungun bai ɗauke ta ba. Babbansu yaro ne a kan Saje, ya saurare shi, ya ce, "Baba, kai ka fi mu saninsa." Saje ya shiga, ya daɗe, ya fito rungume da daron, yana taka ƙasa kamar mai ɗauke da jariri, har bakin titi. Maza suka dinga kabbara. Matan da suka gama yi min dariya suka sa guɗa. Aka ƙarasa bikin a gidan maƙwabta, da tuwo maimakon shinkafa.

Washegari bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Ɗanladi ya yi sallama da dattawan 'yan ƙarfe uku. Ina bayan bangona. Na ji yana cewa, "Saje, mu fa muna saran ƙarfen nan da guduma, muna sa masa wuta. Ba mu san sau nawa Allah ya tsare mu ba. Muna so kada a sake sauke mota a Ƙofar Ruwa sai ka duba ta."

Da suka tafi ya leƙo ya ce, "Na ce ki samo min aiki, ban ce ki zauna a kansa ba."

Jirgin Asabar ya tafi ba shi. A Ƙofar Ruwa ya yi aiki har gashinsa ya yi fari, ya koya wa maƙera da 'yan dako abin da ake taɓawa da wanda ake gudu. Nutso kuwa sai in wani abu ya faɗa rijiya a unguwa. Bai mutu a teku ba, bai mutu a gonar wani ba. A ɗakinsa ya cika, kansa a kan cinyata. Shinkafar Hajiya Yalwa ta ƙone, an yi min dariya shekara da shekaru, in za a sake zan sake.

Abin da na koya dai bai fi wannan ba: kafin ki nuna abin da yake ƙarƙashin tukunyar wata, ki ɗaga ki duba abin da yake ƙarƙashinki. Har yau in na je gidan mutane aka ba ni kujerar ƙarfe, godiya nake yi, in ce a miƙo min tabarma.