Rasit ɗin Lada

"...da gajiyar jiya? Ko da yake wanda ya ɗauki tukunya ɗaya ya huta awa biyu, ina zai ga gajiya?"

Haka Sadiyya ta amsa sallamar Zaharaddeen, ba ta ko ɗago kai daga shinkafar da take tsincewa ba. Ɗan gwaggonta ne, taubashinta, shekara goma sha tara yana Amurka yana aikin kantin magani. Umra ce ta kawo shi, ya sauka gidansu a unguwar Nuzla, ya tarar da ita da matan lungu suna dafa abincin da suke raba wa leburori duk Juma'a. Sau uku ya taya su, kuma babu wanda bai ji labari ba har unguwar Waziriyya.

"Lafiya lau, baiwata. Aiki na kawo miki."

"Ɗan mace ne yake kiran 'yar namiji baiwa? Lallai sanyin ƙasar can ya taɓa maka kai. Yalla, faɗi."

Ya jawo kujera, ya zaro takarda daga aljihun jallabiya. Ya yi mata bayani a tsanake cewa a can kowace shekara mutum yana cike takardar haraji, kuma ya ji cewa abin da ka kashe wajen aikin sa kai ana iya cire shi kafin a yanka maka. Ya rubuta kuɗin tasi, da tukunyar gas ɗaya, da robobin zuba abinci. Abin da ya rage kawai ta sa hannu a ƙasa, inda aka rubuta shugabar ƙungiya.

Sadiyya ba ta jin Turanci, amma ta gane sunanta, cikakke kamar yadda yake a iƙamarta, katin izinin zamanta a ƙasar. Saura wata biyu a sabunta mata iƙamar, kafilinta kuwa, ɗan ƙasar da ya tsaya mata, mutum ne da ba ya son ƙura. Su ba su da ƙungiya, ba su da izinin kowa, wannan ta kawo mai, waccan ta kawo tumatir, shi ke nan. Sai dai ba a nuna wa taubashi tsoro.

"Barcin da ka yi a gindin fanka fa, nawa ka saka shi?"

"Ba sa lissafa lokacin mutum, sai abin da ya fita daga aljihu."

"Ashe sun san ka. Ko a can lokacinka ba shi da kasuwa."

"Ke da ba ki taɓa biyan harajin albashi ba, me kika sani? Ni gwamnati guda nake ciyarwa."

"Kana ciyar da gwamnati, kana bin leburori kuɗin roba. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Mu muka sha hayaƙi, kai za ka kwashi rangwame."

Ya ce ta tausaya masa, da katin bashi ya sayi tikitin zuwa, kuɗin ruwa yana ta hawa, kuma irin wannan ruwan masu haraji ba sa cire wa kowa ko sisi. Shi ya sa yake lalube ta wannan gefen.

Sadiyya ta ajiye faranti ta dube shi sama da ƙasa. "Ka ci bashi da ruwa ka zo neman gafara? Ya shekh, kai da mai wanka da kashin kaza ba ku da maraba."

"Sa hannu ne kawai, ba wa'azi na zo saya ba."

"Ai kana da magatakarda. Yana nan a kafaɗarka ta dama, tun ranar farko yake rubutawa, har tasin bai bari ba. Ko so kake a biya ka nan a biya ka can? Wanda ya hau motar kwaɗayi..."

"Na san tashar da take sauke mutum, ba sai kin ƙarasa ba."

Ya yi dariya, amma bai janye takardar ba. Nan ta rage murya, ta ce masa takarda tana da ƙafa. Idan ta bar gidan nan da sunanta a kai a matsayin shugabar abin da babu shi, ba ta san teburin da za ta kwana ba. Shi jibi zai hau jirgi. Ita a nan aka haife ta, kuma duk shekara sai an sake yarda ta zauna.

Zaharaddeen ya janye takardar. Ya dubi sunan nata a kan takardar kamar yau ya fara ganinsa, sannan ya yaga ta gida huɗu ya cusa a aljihu.

"Halas, shi ke nan, kin ci ni. Dama mai yi mini lissafi ya ce da wuya su karɓi ta wata ƙasa. Na ce ne bari in gwada."

"Ka gwada da wuyana?"

"Buhun shinkafa biyu za su iso ran Alhamis. Babu takarda, babu suna."

"Allah ya karɓa, ya raba ka da ruwan kati." Ta miƙa hannu bayanta, ta turo masa tiren albasa da wuƙa. "Zauna ka yanka. Idan matan lungu suka shigo suka ga hawaye, sai in rufa maka asiri in ce albasa ce."