Ranar da shanu suka wuce jirginmu a kogin Isa

Jama'a, ku taya ni murna. Ni Lawali na Gaweye, na yi yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, irin wanda muke gani a tele, mai bene da tutoci da kujerun kishingiɗa. Na dawo gida lafiya lau, sai dai ƙafata ta hagu ta dawo ba takalmi. Yana can cikin laka a tsakiyar kogin Isa, sabo fil, lamba arba'in da uku. Tun da yanzu na zama gwani a wannan harka, bai kamata in ɓoye muku ilimin da na samo ba.

Amma bari in fara da abin da ya kai ni. Shekara ashirin da shida ke nan da na auro Hamsatu daga Tawa. Ranar da ta fara ganin kogi muna cikin takisi bisa gadar Kennedy, ta damƙe hannun rigata ta ce, "Malam, wanga duk ruwa ne?" Ni kuwa ga zumuɗin angonci, na bugi ƙirji na ce wata rana sai na sa ta cikin babban jirgi ta kalli Yamai daga tsakiyar ruwa. Kowace shekara sai ta tuna mini, ni kuma in ce ana nan ana shiri. Shekara biyu da suka wuce ta daina tuni. Wannan shirun ya fi faɗa tayar mini da hankali, domin na gane ta cire rai da maganata ne.

Ranar Talata ina layin esansi a gidan mai, ina tura moto, wato babur ɗina, taku ɗaya duk rabin awa, sai ga maƙwabcina Sadiƙ, wanda yake kai takardu a wani buro, ofishin gwamnati da ba zan faɗi sunansa ba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Lawali, kana da babbar riga ta kirki?"

Na ce, "Ta sallar bara tana nan."

Ya ce, "Sa a goge ta. Ranar Asabar za a buɗe jirgin shaƙatawa, ana neman talakawa biyu masu tsabta da za su tsaya a baya saboda masu ɗaukar hoton tele. Na rubuta sunanka da na Madam."

Na bar layin nan ban sha ko ɗigo ba, na tura moto har gida ina waƙa. Na gaya wa Hamsatu, da la'asar kuwa na ga ta fito da shaddar da take ajiya a ƙasan akwati, ta aika a kira mai lalle.

Shi wannan jirgi, Gimbiyar Kogi sunansa, ya iso ne tun lokacin sanyi, sa'ad da ruwa ya cika ya batse har yana lasar lambuna. Sai dai ba a taɓa jirgi sai an yanke kirtani, kirtani kuwa ba mai yanke shi sai Mai Girma Sarkin Almakashi, Allah ya ƙara masa kaifi. A Janairu yana tafiyar aiki a ƙasar waje. Da ya dawo aka ga an yi kuskure a sunansa jikin allon tunawa, aka mayar da allon. Da allo ya dawo, zanen biki mai hoton jirgin bai iso ba. Da zane ya iso, Mai Girma ya tafi hutun gajiyar tafiyar farko. Haka aka yi ta yi har aka tsayar da rana a ƙarshen Mayu, lokacin da kowane ɗan Yamai ya san kogi ya janye ya bar tsibiran yashi, sai ɗan siririn ruwa yana lallaɓawa a tsakani.

Akwai wani maƙwabcina kuma, Sumana, dattijo masunci, wanda kwalekwalensa yake ɗaure a gangaren bayan gidanmu. Na je in yi masa burga. Ya saurare ni yana gyaran taru, sannan ya gaishe ni da yarensu ya ce, "Fofo, Lawali. A Mayu? Ina za shi bi, jirgin?"

Na ce, "Haba Sumana, an kawo kaftin daga ƙasar da ke da teku. Takardunsa sun cika jaka."

Ya ce, "To madalla. Ya tambayi wani inda hanyar ruwa ta koma bana?"

Na yi dariya na tafi, ina cewa a raina hassada ce irin ta mai ƙaramin jirgi. Da safiyar Asabar ma aka kori su Sumana daga bakin ruwa gaba ɗaya, wai tsofaffin kwalekwalensu za su ɓata hoto.

To ga shawara ta farko ga mai niyyar irin wannan yawo: ka ci tuwonka a gida, ka ci sosai. Katin gayyata ya ce ƙarfe tara, Mai Girma ya iso ƙarfe ɗaya saura. A cikin jirgi ga tebur shaƙe da gasassun zabbi da kilishi da bisap, wato zoɓo, mai sanyi yana zufa a kwalba, amma doka ta hana kowa miƙa hannu sai Mai Girma ya ɗauki faranti. Na tsaya kusa da wata zabuwa har muka saba da juna.

Shawara ta biyu ta shafi rigar ceto, wadda ke hana mutum nutsewa. Guda goma sha biyu ce a jirgin, mu kuwa mun haura ɗari da arba'in. Wani mai kwat da takarda a hannu, shi ne mai tsara wa ke gaba da wa, ya raba su bisa muƙami. Da na tambaye shi namu, ya duba takarda ya ce wakilan jama'a suna lamba ɗari da arba'in da uku da arba'in da huɗu, mu yi ta addu'a. Saboda haka ka tafi da carbinka.

Aka yanke kirtani, masu kakaki da ganguna suka ɓarke, inji ya yi gurnani, jirgi ya ja baya daga gaɓa. Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, daɗi ya kashe ni! Iska ta kumbura mini babbar riga, na ɗaga wa masu wanki a bakin ruwa hannu kamar na san su. Na waiwaya na ga Hamsatu ta riƙe ƙarfen gefe da hannu biyu, baki har kunne, lallenta yana ƙyalli. Na ce a raina, yau dai Lawali ka fita kunya.

Mun yi tafiya ta kusan minti huɗu. Sai muka ji wani sululu a ƙarƙashinmu, kwalaben bisap suka yi sallama da juna, jirgi ya zauna daram bisa yashi.

A daidai lokacin Mai Girma ya fara jawabi, shafi goma sha tara. A ƙa'idar manya kuwa ba a katse jawabi, balle da mugun labari. Kaftin ya aiko a gaya wa mai kwat, mai kwat ya raɗa wa na sama da shi, shi kuma ya gyaɗa kai ya ci gaba da tafi. Inji yana ta kururuwa yana watso laka ta baya, mu kuma muna nan inda muke. A shafi na bakwai Mai Girma ya ɗago kai daga takarda, ya yi murmushi ya ce, "Ku dubi ingancin abin da muka kawo muku. Muna tafiya, ko girgiza babu!" Aka yi tafi kamar hannuwa za su tsinke. Ni ma na tafa, don gaskiya ya faɗa, girgiza kam babu.

Muna cikin haka sai ga wani makiyayi, dattijo da malfarsa da sanda a kafaɗa, ya koro shanunsa zai ƙetare. Ruwan iyakarsa gwiwar saniya. Suka biyo ta gefen jirgi a natse, suka zo daidai da mu, suka wuce mu. Wani bijimi ya tsaya ya leƙa tagar ƙasa yana tuƙa. Makiyayin ya ɗaga kai ya ce, "Sannunku da hutawa!" Masu rigar ceto goma sha biyu suka ƙara ɗaure igiyoyinsu.

Hamsatu ta matso ta ce mini a hankali, "Malam, mu ke tafiya ko su?"

Na ce, "Yi shiru, ana ɗaukar mu a tele."

Ban san shawara ta nawa muke ba yanzu, amma ka riƙe wannan: ka zaɓi gefen da ke da inuwa tun kafin a tashi. Ranar Mayu bisa jirgin ƙarfe ba ta san muƙami ba. Kafin jawabi ya ƙare, kwalliyar manyan mata ta gangaro har wuya, mai kakaki ya daina busa ya koma fifita da hula.

Da aka kai shafi na goma sha tara, aka samu wani mai ƙarfin hali ya sanar da Mai Girma cewa an ɗan samu jinkiri daga ɓangaren ruwa. Ya tambaya wa ke da alhakin ruwan. Kowa ya dubi na ƙasa da shi. Can dai aka tura Sadiƙ, wanda shi ma yana cikin jirgin, ya tattare wando ya taka zuwa gaɓa, ya je ya roƙo masuntan da aka kora da safe. Suka zo da tsofaffin kwalekwalen nan masu ɓata hoto, Sumana a gaba, ko kallon inda nake bai yi ba. Mai kwat ya buɗe takarda ya fara kiran suna daga lamba ɗaya. Aka sauke Mai Girma kamar ƙwai, aka bi da zabbin a kwalekwale na biyu.

A nan ne na yi wautar da ta ci mini takalmi. Da na ga an kai lamba sittin kawai rana ta karkata, zuciya ta ɗebe ni, na ce ai inda saniya ta bi ni ma zan bi, in ya so in goya matata. Na dira. Ƙafar dama ta samu yashi, ta hagu ta samu laka, lakar kuwa ta ce ta ga abin so. Na ja, na ja, ƙafa ta fito ita kaɗai. Haka na koma jirgi da rarrafe, babbar rigar sallah ta zama ruwan ƙasa. Shawara: kada ka sa sabon takalmi.

Sai bayan la'asar aka kira lambarmu, jirgi ya zama daga mu sai kaftin yana zaune ya yi tagumi. Sumana ya kawo kwalekwale ya riƙe shi da gora har Hamsatu ta zauna. Ya dubi ƙafata ya ce, "Kala suru, Lawali," wato in yi haƙuri. Ya juya zai nufi gaɓa, sai Hamsatu ta ce, "Baba Sumana, don Allah in ba ka gaji ba, kai mu ƙarƙashin gada mu dawo."

Sai ya karkata gora. Ya bi wata siririyar hanya da ni ban ga alamarta ba, nan ya kauce wa yashi, can ya zagaye dutse, kwalekwale yana tafiya sumul. Rana ta yi sanyi, balbelu suna komawa gida, masu lambu suna ban ruwa, hayaniyar motoci tana can sama bisa gada kamar a wani gari. Hamsatu ta tsoma hannunta mai lalle a ruwa, ta ɗebo ta watsa mini, ta ƙyalƙyale da wata dariya da rabona da jin ta tun muna ɗaki ɗaya a gidan haya. Daɗi ya kama ni, kunya kuma ta fi shi.

Da muka shiga inuwar gada ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Baba Sumana, tun yaushe kake da jirgin nan?"

Ya ce, "Wannan na uku ne. Na farkon yana ɗaure a wurin tun kafin ku tare a Gaweye."

"Da an tambaye ka, da ka kawo ni?"

"Ko wace rana, in dai ba Juma'a da azahar ba."

Ta juyo ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ta ɗan russuna kamar yadda ta ga ana yi a jirgi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ashe kai ma babban mutum ne. Shekara ashirin da shida ruwa na bayan ɗakinka, kana jiran a kawo maka almakashi."

Sumana ya yi tari ya mai da hankali ga gorarsa. Ni da nake cika muku shafin jarida kowane mako da laifin masu alkawari, yau ga shi abin ya zo kaina. Na buɗe baki na ce, "In sanyi ya zo, ruwa ya cika, na yi miki alka..." Ta ɗaga hannu ta ce, "A'a. Kai dai gobe ka ce wa Baba Sumana ina kwana, ka tambaye shi ƙarfe nawa."

Na tambaye shi, kuma mun koma sau biyu tun daga ranar. Wannan ita ce shawarata ta ƙarshe, ita ce kuma kaɗai mai amfani.

A tele kuwa an nuna mu, ni da Hamsatu muna tafi a baya, an ce tafiyar farko ta Gimbiyar Kogi ta yi nasara ƙwarai. Sadiƙ ya ce an kafa kwamiti mai mutum talatin da zai binciki dalilin da ya sa ruwa bai halarci bikin ba duk da an sanar da rana a kan lokaci. Za su fara zama a Janairu, za su kuma je su duba wurin da ido. Ina roƙon masu girma ƴan kwamiti, in sun ga takalmin hagu lamba arba'in da uku, su taimaka su miƙo, ba sai an yi biki ba.