Ranar da Na Koya wa Surukina Gyaran Mota

Ko da zan manta komai na samartakata, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na buɗe bonet ɗin motar Alhaji Bukar ba. Har yau in na tuna, ko ni kaɗai ne a ɗaki, sai na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin sojoji sun koma bariki ke nan, an gama zaɓe, gari ya cika da murna. Ni kuma ina ɗan malamin sakandare sabon ɗauka, ina koyar da darasin fasaha a aji ɗaya. A littafin darasin akwai wani babi mai zanen injin mota, na haddace shi tsaf, na zana shi a allo ya fi a ƙirga. (Hannuna kuwa bai taɓa riƙe sifana ba, alli kawai ya sani.) Amma a majalisarmu ta Yakasai, da an taɓo zancen mota, ba a jin muryar kowa sai tawa.

A Shahuci nake neman aure. Falmata sunanta, 'yar Alhaji Bukar mai sayar da huluna, mutanen Barno ne da suka daɗe a cikin birni. Manya sun riga sun shiga maganar, sai dai ba a sa rana ba, kuma labari ya iso mini cewa Alhaji ya ce yana so ya ƙara nazarin yaron tukuna. Yaron nan ni ne. Tun daga ranar ba ni da wani buri sai in burge shi.

Sai ga dama ta kawo kanta. Ƙanin Alhaji, Kawu Modu, ya ci kansila, za a rantsar da su. Dangi suka shirya raka shi da jerin gwanon motoci daga ƙofar gidan Alhaji, in an gama a wuce gidan Kawu a Ƙofar Dawanau a ci abinci. Mustafa, yayan Falmata kuma abokina, ya ce lallai in zo. Na sha guga, na kafa hula, na isa da wuri.

Na tarar da ƙofar gida maƙil da jama'a, har da masu kalangu. Motar Alhaji ce za ta shige gaba ɗauke da Kawu. Tsohuwar mota ce fara, mai kafireta, ana ji da ita a gidan. Mustafa ya tashe ta don ta yi ɗumi, sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi, sitiyari na rawa, madubi na rawa, can sai ta mutu. Ya sake tayarwa, ta sake yin haka. Ya ce mini kwana uku ke nan tana wannan hali: a kan hanya lafiya lau, amma da an ɗaga ƙafa daga totur sai ta shiga rawa. Silonta ne ya lalace, wato ba ta iya zama a kunne in tana tsaye.

Alhaji na zaune a kan benci cikin farar babbar riga yana shan shayi, ko a jikinsa. Abin da ya dace da ni shi ne in durƙusa in gaida shi in ja gefe, kamar kowane mai neman aure da ke da kunya. Na durƙusa ɗin, na gaida shi, amma maimakon in ja gefe sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ai wannan ƙaramin abu ne. A ba ni minti goma."

Ya ɗago ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To, Malam, bismillah."

Daɗi ya kama ni har kaina ya fara girma. Na naɗe hannun riga, Mustafa ya ɗauko akwatin kayan aiki, mutane suka zagaye ni. Ta wutsiyar ido na hango mata sun leƙo daga soro, har da Falmata. Nan fa na ce yau sai an san an yi karatu.

Da lacca na fara. Na juya wajen Alhaji na yi masa bayanin yadda inji ke shaƙar mai da iska, ya matse su, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi. Har da zana masa a iska da yatsa, kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Shi kuwa yana ta gyaɗa kai yana cewa ikon Allah. (Na ɗauka mamakin ilimina yake yi. Mamakin dai yake, amma ba na ilimin ba.)

Daga nan na sanar da jama'a cewa fulogi ne suka yi datti. Na kama wayoyin fulogin nan guda huɗu na fizge su gaba ɗaya, daga sama har ƙasa, ban lura da inda kowacce take ba. Na kwance fulogin na goge su, su kuwa fes suke dama. Na leƙa kafireta na ga wasu 'yan sukurori biyu, na tuna littafi ya ambaci wani sukur na daidaita mai, amma bai faɗi wanne ba. Don kada a yi rashin adalci sai na murɗa duka biyun. Da na zo mayar da wayoyi na tsaya cak. Gumi ya fara tsattsafo mini. Sai na ce a raina ai lissafi ne: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na jera su bi da bi, na kaɗe hannu, na ce wa Mustafa ya ba ta wuta.

A daidai lokacin Kawu Modu ya fito cikin sabuwar shadda fara ƙal, wadda aka ɗinka musamman don rantsuwar. Masu kalangu suka ɗauki kiɗa, ya tsaya a bayan motar yana ɗaga wa magoya baya hannu.

Motar ta yi tari sau biyu, sannan ta saki wata ƙara ta salansa kamar an harba bindiga. Kafin a ankara ta ƙara ta biyu. Ku tuna mutanen da suka shekara da shekaru a hannun soja ne. Wuri ya watse! Mai kalangu ya yar da kalangunsa ya faɗa soron maƙwabta, wani ya bar takalmi ƙafa ɗaya, wata tsohuwa tana ta salati tana tambaya ko sun dawo ne. Ni kaina, injiniyan, sai a bayan benci na tsinci kaina a tsugune.

Da hayaƙi ya lafa, ga Kawu Modu tsaye inda yake, hannu a sama. Daga gwiwa zuwa ƙasa shaddar nan ta koma baƙa ƙirin. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ban jira an ce mini in shiga ba.

Alhaji ya kurɓe rabin shayinsa, ya miƙe. Ya cire babbar rigarsa ya ninke, ya miƙa wa Mustafa. Ya zo gaban motar ya zare wayoyin da na jera, ya mayar da kowacce mazauninta, ko duba su sosai bai yi ba. Ya taɓa sukuroran nan kaɗan, ya ce a tayar. Ta tashi, ta koma rawarta ta da. Sai ya yafito ni.

"Malam, kawo kunnenka nan. Me ka ji?"

Na sunkuya na kasa kunne. Can ƙasan kafireta na ji wani ɗan sauti siriri, kamar ana zuƙar iska ta tsakanin haƙora. Na gaya masa. Ya sa hannu ya zaro wani ɗan tiyo baƙi, tsawonsa bai wuce yatsa ba, ya lanƙwasa shi a gabana, sai ga tsaga ta buɗe. Ya ce ta nan iska ke shiga a ɓoye, ta yi wa man yawa, shi ya sa injin ke shaƙewa in an tsaya. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon tiyo irinsa sak, ya maƙala. Ya ɗora kofin shayinsa a gefen motar, ya karkata kai yana sauraro, yana murɗa sukur a hankali. Shayin da ke kaɗawa ya dinga lafawa, har ya kwanta luf. Motar nan ta koma wani irin sauti mai daɗi, jama'ar da suka gudu suka dawo suna tafi.

Mustafa ne ya raɗa mini sauran labarin, yana danne dariya. Ashe kafin huluna, Alhaji ya yi shekaru masu yawa yana gyaran manyan motoci a hanyar Maiduguri, har yaran gareji ya yaye. Tiyon ma tun jiya ya sayo, jira kawai yake ya gama shan shayi ya sa. Na ce masa, don me ba ka faɗa mini ba? Ya ce shi ma ya so ya faɗa, ni ne ban bar wa kowa wurin magana ba.

Lokaci ya ƙure, babu halin Kawu ya koma gida ya sake kaya, sai Alhaji ya ba shi tasa rigar. Alhaji dogo ne, Kawu kuwa gajere, haka ya je ya yi rantsuwa yana tattare riga da hannu biyu. Har ya gama wa'adinsa, in na gaida shi da ƙyar yake amsawa.

Ni kuma na fara sulalewa zan bi lungu in ɓace, na riga na haƙura da Falmata a zuciyata. Sai na ji muryar Alhaji daga cikin mota yana cewa in shigo gaba. Na zauna a takure, ko numfashin kirki ba na yi. Sai da muka tsaya a wata mahaɗa, motar na ta aikinta shiru ba rawa, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Bayanin da ka yi ɗazu babu kuskure a ciki. Hannun ne bai je makarantar ba. Ka riƙa zuwa ran Asabar."

Haka na yi wata uku ina zuwa Shahuci duk Asabar, ina wanke fulogi da fetur, ina miƙa sifana, bakina a rufe. A cikin wata na huɗu aka sa rana. Falmata ta gaya mini daga baya cewa ran nan dariya ta yi har sai da aka ba ta ruwa, kuma har yau danginsu ba sa kirana da sunana, sai Injiniya. Jikokin Alhaji da dama sun ɗauka da gaske digirin ne da ni.

Abin da na koya dai bai da yawa, amma ya zauna. Wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya ake cirewa. Kuma duk dattijon da na ga yana gyaɗa mini kai yana cewa ikon Allah, nan take nake yin shiru, in tambaye shi sana'ar da ya yi kafin a haife ni.