Injin Da Ke Yi Wa Mai Gari Tafi

A wani gari da ake kira Komai-Daidai, wanda babban kogi ya raba shi da kasuwarsa, jirgin ruwa ɗaya ne tak ke tsallakar da mutane. Da injin jirgin ya tsufa ya mutu, sai Mai Gari Nomau ya ba surukinsa aikin sake shi. Sana'ar surukin ɗinkin hula ce, amma an ce yana da ido. Aka kwance injin, aka sa sababbin fistin da ringi, aka shafe shi da jan fenti, aka yanka bijimi ranar tayarwa.

Ya kuwa tashi. Sai dai daga samansa wata ƙara ta riƙa fita, ƙas-ƙas-ƙas, ba tsayawa.

Aka kira Jibo makanike, wanda ya shekara talatin yana gyaran injunan ban-ruwa a garin. Ya ɗora bakin sukundireba a kan murfin injin, ya kanga kunnensa a ƙotar, ya saurara.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, tafet ne. Wasu ƙananan ƙarafa ne masu tura bawul ya buɗe ya rufe. Mai ba ya isa gare su, an bar datti ya toshe hanyarsa. A ba ni wuni guda in buɗe, in wanke hanyar, in daidaita su."

Mai Gari ya ce, "In ba a buɗe ba fa?"

"Za su cinye kansu, sannan su ci na kusa da su."

Majalisar Na'am ta zauna. Buɗe injin na nufin suruki ya yi kuskure, kuma a tarihin Komai-Daidai ba a taɓa kama surukin mai gari da kuskure ba. Sai Sarkin Shiru, wanda aikinsa shi ne tabbatar da cewa ba a ji komai ba, ya gyara zama.

"Me makaniken nan ya ce sunan abin?"

Aka ce masa, "Tafet."

"To, ai magana ta fito! Tafi ne. Injin yana yi wa Mai Gari tafi ne saboda gyaran da ya sha."

Majalisa ta ce na'am. Sankira ya zaga gari yana shela cewa duk wanda ya ce jirgi na ƙara, to ya tsallaka da iyo, kuma wajibi ne fasinjoji su taya injin tafi daga wannan gaɓa zuwa waccan. Mako biyu ana haka, hannayen mutane suka kumbura, injin kuwa ya ƙara himma, har ana jin sa daga masallacin Juma'a. Aka naɗe shi da katifu uku. Da ya fara zafi yana hayaƙi, aka naɗa Sarkin Fifita, aka ba shi mataimaka biyu. Daga baya aka zuba makaɗa shida a jirgin, aka rage fasinja shida.

Wata safiya Jibo ya kasa haƙuri, ya sa sifana a aljihu ya nufi jirgin. Dogarai suka tare shi kafin ya taɓa murfin. Majalisa ta duba lamarinsa da idon rahama: ta karɓe sifanunsa duka, ta yi masa rawani, ta naɗa shi Garkuwan Inji, bisa sharaɗin kada ya kusanci injin da taku arba'in.

Ranar babbar kasuwa, Jibo na tsaye a bakin gaɓa, a taku na arba'in da ɗaya, sai ga yayarsa Tabawa da kwandon tumatir a ka.

Ya ce, "Yaya, kar ki shiga. Sautin ya sake, yau ƙarfe ke cin ƙarfe."

Ta ce, "To, Garkuwa, in kai tumatirin gidanka ka shanye? Gobe ruɓewa zai yi. Ni dai tafin nan da hannu ɗaya zan yi, ɗayan na riƙe da kwando."

Ta shiga. Jirgi ya tashi da mutum sittin, da awaki, da makaɗa. Mai Gari da majalisarsa suna zaune a rumfar bakin ruwa suna kallo.

Daidai tsakiyar kogi injin ya yi wani tari, ya yi ƙas sau ɗaya, ya yi shiru. Makaɗan ma suka tsaya. Ruwa ya juya kan jirgin a hankali, ya fara jan sa gangare, wajen duwatsun da masunta ba sa zuwa.

Jibo ya yar da rawani, ya ruga ya faɗa kwale-kwalen wani masunci da igiya a kafaɗa. Wani dogari ya bi shi da gudu yana cewa, "Garkuwa, ka yi tuƙi a hankali, kar ka dami manya! Kuma ka tuna da taku arba'in!"

A rumfa, Mai Gari ya karkata kai ya kasa kunne. Ya daɗe yana saurare.

"Sarkin Shiru, kana jin wani abu?"

"Ko kusa, ranka ya daɗe."

"Ka gani? Aka ce sai an buɗe. Ga shi haƙuri kaɗai ya gyara shi."

Majalisa ta ce na'am. Mai Gari ya jingina da kujera, ya juya ya dubi garin da ke bayansa, inda hayaniyar mutane ta fara tashi suna kwararowa bakin ruwa. Ya yamutsa fuska.

"Su kuma waɗannan, yaushe za a yi musu irin wannan gyaran?"